Filin da Na Rubuta Babu Kowa a Cikinsa

Kun sha tambayata abin da ya sa muka bar gidanmu na unguwar Wemtenga mai famfo da lantarki, muka dawo Zongo muka cusu a ɗaki biyu na gidan Inna. Kowa ya ba ku tasa amsar. Kawunku Isa yana cewa taurin kaina ne ya ja mana, gwaggonku kuma har gobe cewa take yi hassada aka yi mini a wurin aiki. To, ba hassada ba ce. Taurin kan ban musa ba, amma ba shi ne farkon maganar ba. Farkonta kuskure ne da na yi da hannuna da alƙalamina, kuma tunda Allah ya ja kwanana har na ga jikoki, gara ku ji daga bakina kafin wani ya ƙara mata gishiri. A ciki ne kuma za ku san labarin tsohuwar tsintsiyar nan da ke rataye a bayan ƙofata, wadda uwarku take hana ku taɓawa tun kuna yara.

A wancan lokacin ina aiki a wani biro, wato ofis, a nan birnin Waga. Idan kamfani zai haƙa zinariya a wani wuri, sai an fara aika mutane su je su ga wa za a tasa daga gidansa, gonar wa za a ci, rijiyar wa za ta ƙafe. Su rubuta, su ɗaure rahoto, sannan a ba kamfani izini. Mu ne masu zuwan. An ɗauke ni ne saboda ina jin Faransanci da Mosanci, ga Hausa ta gida, kuma ni kaina na san ina ji da kaina. Takalmi mai sheƙi, alƙalami uku a aljihun gaba, jaka a hamata. Inna, da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunana ba. Da can "kai wannan" take ce mini, da na samu aikin nan sai ta koma kirana Nasaran gidan nan, ni kuwa a wautata na ɗauka yabo ne.

Shekarar da nake ba ku labari, an tura mu wani ƙauyen Mosawa gabas da nan, inda wani babban kamfani ya gano zinariya a ƙarƙashin gonakin gero. Za a tashi ƙauyen gaba ɗaya. Yadda muke aiki shi ne mu bi gida gida da takardar tambayoyi: ɗaki nawa, rumbu nawa, kaɗanya nawa a gona, kabari nawa, kuma kowane abu sai a rubuta sunan mai shi a gefe. Abin da ba shi da mai shi, takardarmu ba ta san da zamansa ba. Na yi aikin nan da gaskiya, wannan ko maƙiyina zai shaida. Naban ƙauyen, wato sarkinsu, da dattawansa sun zagaya da ni, sun nuna mini inda suke binne nasu, Musulmi da Kirista da masu bin al'adar kakanni, sun nuna mini kurmin da ba a sare itace a cikinsa, duk na rubuta. Abu ɗaya na raina. Duk gidan da ka shiga sai an miƙo maka ƙwaryar zomkom, ruwan garin gero da suke tarar baƙo da shi, kuma ba a fara magana ta gaske sai baƙo ya zauna ya sha. Ni kuwa ina da gidaje da yawa a gabana, ga gorar ruwana a jaka, sai in taɓa ƙwaryar da leɓe in ajiye in buɗe takarda.

Gabas da rijiyar ƙauyen akwai wani fili a tsakiyar gonaki, da tsamiya uku a jere. Ba a noma shi, ba ciyawa, a share tas. Na tambayi naba:

"Wannan filin fa, na wa ne?"

"Ba namu ba ne," in ji shi.

"Akwai kabarinku a ciki?"

"Babu namu ko ɗaya."

Shi ke nan, na rubuta: fili, babu mai shi, babu kowa a ciki. Ban tsaya na ce to in ba naku ba ne, wa ke share shi ba. Wurin ya yi mini daɗi ma, ga inuwa ga iska, sai na mayar da shi wurin cin abincin rana. Kwana biyar ina zama a gindin tsamiyar tsakiya ina cin burodi da kifin gwangwani. Kullum akwai wani tsoho da yake zuwa ya tsuguna can gefe da tsintsiya a hannu yana kallona. In ɗaga masa hannu, ya ɗaga mini, ba mu taɓa wuce haka ba. Da injiniyan kamfani ya zo yana neman inda za a riƙa jibge tarkacen dutsen da za a fasa daga rami, wurin da ba za a taɓa gonar kowa ba, ni na ɗora yatsa a kan taswira na ce ga wuri. Ya yi murna, ya buga kafaɗata. Aka ɗaure rahoto aka miƙa, da sa hannuna a shafin.

Kowace Juma'a bayan masallaci a gidan Inna muke cin abinci, kun tuna. Wata Juma'a bayan an miƙa rahoton, ina zaune a tabarma ina cika baki, ina ba Kawunku Isa labarin yadda na ceci gonakin mutane da dabarata. Inna tana gefe tana ɓare goro, kamar ba ta ji. Sai da na ambaci tsamiya uku ta ɗago kai.

"Nasara, tsamiyar nan a jere suke? Gabas da rijiya?"

"A jere suke, Inna. Kin san wurin ne?"

"Akwai wani dutse mai faɗi a bakin rafi kafin a kai?"

"Akwai. Mata na shanya a kai."

Ta ajiye goron. Ta zuba mini ido.

"A nan ka ce kana cin abinci?"

"Kwana biyar."

"Innalillahi. Ka ci burodi a kan yayana."

Sannan ta ba mu labarin da ba ta taɓa ba mu ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba. Tana yarinya ƙarama, kafin mota ta kashe fatauci da jakai, iyayenta suna cikin ayarin da ya taso daga Gwanja da goro. Agana ta shiga ayarin a hanya. Ba garin da zai karɓe su, sai wannan ƙauyen, mai ƙasarsu ya ce su sauka a gindin tsamiya, kada su shigo gari, amma za a riƙa ajiye musu ruwa da gero a kan dutsen nan. Sun yi kusan wata biyu a wurin. Waɗanda suka rasu aka binne su a nan, yadda muke binne namu, ba suna ba gini, sai fasasshiyar tukunya a kai, damina biyu ta shafe komai. Cikinsu akwai Yaya Ali, wanda yake goya ta a wuya idan ƙafarta ta kumbura. Ranar da za su tashi madugu ya kai wa mai ƙasa huhun goro da kanwa, ya ce ga mutanenmu nan mun bar muku amana, kada garma ta shiga kansu.

"Ban ɗauka akwai wanda ya riƙe ba," in ji Inna. "Mu da ke da su ba mu koma ba. Ashe suna sharewa. Sai ga ɗan cikina ya je da alƙalami ya ce a zuba musu dutse."

Wallahi da ta ɗauki muciya ta maka mini da ya fi mini sauƙi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, tun daga ƙafa har ka. Washegari da sassafe na hau motar kasuwa na koma ƙauyen, ba jaka ba takarda. Na nemi gidan tsohon mai tsintsiya. Sunansa Tinga, kowa Yaba yake ce masa, wato kaka, kuma ɗa ne ga mai ƙasar da madugu ya bar wa amana. Matarsa ta kawo ƙwarya, wannan karon na zauna a ƙasa na shanye har ƙasan ƙwaryar. Ya jira na gama, sannan na ce:

"Yaba, me ya sa ba ku gaya mini akwai mutane a gindin tsamiya ba?"

"Namu ka tambaya, muka nuna maka namu. Mutum ba ya ƙirga matattun wani, ba ya nuna su da yatsa. Mu tsaro aka ba mu."

"Amma za a zuba dutse a kansu!"

"Na ji. Ba wanda ya zo gidana ya zauna balle in faɗa." Ya dube ni sama da ƙasa. "Ranar da ka zo na ji Mosancinka, na ji Hausa a ƙarƙashinsa, na ce wa matata, yau dai ga masu su sun zo. Kwana biyar ina tsugune ina jira ka yi musu sallama. Gwangwanin kifi kawai ka bar mini, ni na kwashe."

Ba faɗa yake yi ba, yana ma ɗan murmushi, shi ya sa abin ya fi cina. Tsoho ne da za a rushe gidansa, a kwashe shi daga gonar ubansa, amma abin da ya dame shi matattun baƙi ne waɗanda ko addininsu bai yi ba.

Ranar Litinin na shiga wurin shugabar bironmu, Madam Odil. Kada wani ya ce muku muguwa ce. Mace ce mai aiki tsakani da Allah, ita ta koya mini rabin abin da na sani. Ta saurare ni har na gama, ta cire tabarau ta dafe goshi.

"Salisu, rahoto ya riga ya tafi. Idan muka ce shafi ɗaya kuskure ne, za su ce sauran fa? Kuma wa ya yi kuskuren?"

"Ni."

"To ka ji. Akwai hanya mai sauƙi. Ka yi shiru. Ranar da katafila ta tono ƙashi, doka ta ce a tsaya, a kwashe a binne wani wuri da mutunci. Ba wanda zai ce laifinka ne, za a ce tsautsayi ne."

"Madam, yayan uwata ne a wurin."

Ta mayar da tabaranta. Sannan ta ce in dai ina so a gyara tun yanzu, sai na rubuta wasiƙa da sunana cewa ni na yi sakaci, kuma sai na kawo mai kaburburan, mutum mai rai da zai ce nawa ne, don takarda ba ta san amana ba, mai shi ta sani. Ta ce za ta tura wasiƙar, za ta kuma tsaya a kanta, amma kamfani zai ce a cire wanda ya yi sakacin daga aikin, kuma labari irin wannan yana yawo a birori. Ta ba ni kwana uku in yi tunani.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban yi tunanin hanya mai sauƙin ba. Na yi, har na fara ba kaina hujja. Ku huɗu ne a lokacin, Hadiza ta shiga lekol, makarantar boko mai kyau, ga gidan Wemtenga da muka saba. Kawunku Isa ya zo har gida ya ce mini:

"Yaya, matattu sun riga sun tafi, Allah ya san inda suke. Masu rai za ka duba. Ka rufa wa kanka asiri."

Uwarku tana tankaɗe a tsakar gida, duk ta ji. Da ya fita na ce mata, Rabi, ke me kika gani? Ba ta ko daina tankaɗen ba.

"Ni dai na san halinka. In ka yi shiru, kowace Juma'a za ka je ka zauna gaban Inna ka kasa haɗiye tuwo, ka dawo ka huce a kanmu. Famfo kake ji? A Zongo aka haife ni, na san hanyar rijiya. Rubuta abinka."

Haka uwarku take, ba ta da dogon zance. Duk wahalar da kuka ga ta sha bayan nan, ta ɗibar ruwa da soya ƙosai a bakin titi, ba ta taɓa goranta mini ba ko da rana ɗaya, kuma har in mutu ban gama gode mata ba. Na rubuta wasiƙar da la'asar ɗin nan, shafi ɗaya, ban ɗora wa kowa laifi ba.

Saura mai shi. Inna ta ce ita ce, kuma da ƙafarta za ta je. Mun hana, mun ce hanya ba kyau, ga ciwon gwiwa, ta ce gwiwar da ta taka daga Gwanja ba kujerar mota za ta kayar da ita ba. Madam Odil da kanta ta ba da motar biro. Da muka isa, na matso zan yi tafinta, Inna ta ture ni da gwiwar hannu.

"Matsa can, Nasara. Ina Mosanci tun ubanka bai san hanyar gidanmu ba."

Ta zauna a tabarmar Yaba Tinga ta sha ruwa, suka gaisa gaisuwar tsofaffi, doguwa, har da tambayar kaji. Sannan suka tafi gindin tsamiya a hankali, shi da sanda, ita tana dafe da kafaɗata. Ta tsaya a bakin filin ta yi sallama da ƙarfi kamar mai shiga gida, ta yi addu'a, ta kira sunan Yaya Ali da na wasu mutum biyar da ta tuna. Ban taɓa ganin Inna tana kuka ba, ko ranar rasuwar Baba, amma ranar ta yi, ni ma na yi. Yaba Tinga ya tone ƙasa kaɗan da sandarsa ya nuna wa wani mutumin kamfani da ya zo shaida bakin fasasshiyar tukunya. Aka kawo takarda, a gurbin mai shi Inna ta dangwala yatsa. Ta juya wurin tsohon ta ce:

"Mu muka manta, ku ba ku manta ba. Ba ni da abin da zan ba ka. Allah ya tsare naka yadda ka tsare nawa."

Kamfani ya ɗan ja, aka yi ta zama, daga ƙarshe suka matsar da wurin jibge dutsen, suka kewaye tsamiyoyin da waya. A kan wannan ban da abin cewa sai godiya. Ni kuwa abin da Madam Odil ta faɗa shi ya faru. Aka cire ni, na zagaya birori uku, kowa ya karɓe ni da fara'a ya raka ni har ƙofa. Muka kwashe kaya muka dawo Zongo. Wani Alhaji Bakano mai atamfa, abokin Baba, ya ji labari ya aiko a kira ni, ya ce shagonsa na neman mai jin Faransanci. Na san ba ya nema, rufin asiri ne ya yi mini, Allah ya jiƙansa. A shagon nan na tsufa, da shi aka yi karatunku duka, ko da yake ba a lekol ɗin da na so ba. Hadiza, na san kin fi kowa jin zafin wannan, kuma ban taɓa ba ki haƙuri yadda ya kamata ba. Ki yi haƙuri.

Abin da bai bar ni ba har yau shi ne wannan. Matattunmu suna nan inda aka kwantar da su, amma masu tsaronsu an tashe su. An kai ƙauyen wani wuri mai nisan tafiyar rabin yini, gidajen siminti a jere, da famfo da ɗakin shan magani, amma ƙasar tsakuwa ce, kaɗanyar matan kuma ta zama rami. Wasu samarin sun samu aiki, wasu sun watse. Na ƙirga ɗakunansu da rumbunansu daidai, ba a cuce su ko ɗaya a lissafina ba, amma ba gurbi a takardarmu na tsohon da ya saba fita da safe ya gaida maƙwabcin da suka yi shekara sittin ƙofa da ƙofa. Da na kai wa Yaba Tinga ziyara a sabon gidan, na tarar da shi zaune a bakin ƙofa yana kallon bangon wani. Ya shiga ɗaki ya fito da tsintsiyar.

"Yanzu sai da takarda ake shiga wurin, ƙafata kuma ba ta kai ni. Ubana ya karɓa, na riƙe, masu shi sun zo. Ungo."

Na karɓa da hannu biyu. Bai kai damina ta gaba ba. Inna ta bi shi bayan shekara biyu, kuma a shekarun nan biyu ba ta ƙara ce mini Nasara ba, ta koma "kai wannan" ɗinta, ni kuwa na fi son haka.

Shi ya sa kuke ganin kowace shekara bayan babbar salla nake sayen goro mai kyau in ɓace kwana biyu. Gindin tsamiyoyin nan nake zuwa in share, amma ba da tsintsiyar Yaba ba, ta tsufa, sabuwa nake saye a hanya. Yanzu gwiwata ta fara irin ta Inna, bara sai da jikan Yaba Tinga ya ɗauke ni a babur har bakin waya. Idan na gaza, ɗayanku ya je, ban ware mace ko namiji ba. Takardar izinin shiga tana cikin akwatina, da sunan Inna a gurbin mai shi. Amma kada wanda zai je ya fara da tsamiya. Ya fara da gidan Tinga, ya kai musu goron, ya zauna a ƙasa, in an miƙo masa ƙwarya ya shanye duka kafin ya buɗe baki.